Gayya a Kan Ciyawar Japan

Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san ciyawa iri biyu ce. Akwai wadda fartanya takan gama da ita da sara ɗaya, rana ta busar da ita kafin la'asar. Akwai kuma irin su tofa da kiri-kiri, waɗanda ƙarfinsu yake ƙarƙashin ƙasa. Ka nome su yau, bayan kwana bakwai su sake ɗago kai. Ni ɗan manomi ne, tun ina yaro nake fama da iri biyun nan. Amma ciyawar da zan ba ku labarinta a wannan wata ta fi tofa taurin kai nesa ba kusa ba. Ta isa ta hana mutum sayar da gidansa, ta kuma isa ta sa maƙwabta su daina gaisawa.

Ni da iyalina muna zaune a wani ƙaramin ƙauye cikin kwari a kudancin Wales, ɗaya daga cikin ƙasashen Birtaniya. Aikin asibiti na uwargidana ya kai mu can. Gidajen ƙauyen na dutse ne, a jere, bango ɗaya ya raba kowane gida da na kusa, gama an gina su ne domin masu haƙar kwal. An daɗe da rufe ramukan kwal ɗin. Bayan kowane gida akwai ɗan siririn lambu, bayan lambunan kuwa akwai rafi wanda yake gangarowa daga tudu, ya ratsa ƙauyen daga sama har ƙasa. Ku riƙe zancen rafin nan, domin shi ne kan maganar.

Kamannin ciyawar

Turawa suna ce da ita notwid, watau ciyawa mai gaɓa-gaɓa, Japanawa kuwa suna kiranta itadori. Mu a gidanmu ciyawar Japan muke ce mata. Wajen ƙarshen watan Maris ko farkon Afrilu takan ɓullo, jajaye-jajaye kamar tsinin mashi. Da ta ji ɗumi sai ta kama tsawo, har takan ƙara santimita 10 a rana ɗaya. Kafin tsakiyar shekara ta kai mita 2 ko 3, ta shanye kan dogon mutum. Karanta kamar na gora yake, da rami a ciki, kore ne mai ɗigo-ɗigon ja. Ganyenta ya yi faɗin tafin hannu, da siffar bakin shebur. Cikin Agusta da Satumba takan yi fararen furanni ƙanana, ƙudan zuma su yi ta kewaya su. Sa'ad da sanyi ya sauka sai ganyen ya zube, karan ya bushe a tsaye. Baƙo ya gan ta a lokacin nan sai ya ce ta mutu.

Ranta kuwa yana cikin saiwa. Saiwar takan nutsa ƙasa mita 2 ko fiye, ta kuma yi tafiya gefe da gefe, ta bi ƙarƙashin shinge ta ɓullo a lambun wani. In ka karya ta, takan karye ƙwas kamar karas, cikinta ma launin karas ne. Guntunta wanda bai fi farcen ɗan yatsa ba, wanda bai kai nauyin giram 1 ba, ya isa ya zama sabon kurmi. Ɗanyen kara mai gaɓa shi ma yakan yi saiwa in ya sami laima. Saboda haka wanda ya shiga cikinta da fartanya ko da injin yankan ciyawa, shuka yake yi, ko da shi yana tsammani noma yake. Inda ta kafu ba abin da yake tsirowa a inuwarta. In ta bushe da hunturu sai gaɓar rafi ta zauna tsirara, ruwa ya yi ta zaizaye ta, yana kwasar guntayen saiwa zuwa gaba.

Yadda ta shigo ƙasar

Ba ɓoye ta aka yi aka shigo da ita ba, da girma da arziki aka kawo ta. Wani likita Bajamushe, Philipp Franz von Siebold, ya yi aiki a Nagasaki ta ƙasar Japan tare da 'yan kasuwar Holan. Mutum ne mai son tara tsire-tsire. Da ya koma Turai ya buɗe lambun sayar da dashe a birnin Leiden, ciyawar nan kuwa tana cikin hajarsa. A 1847 wata ƙungiyar manoma da masu lambu a Utrecht ta ba ta lambar zinariya, a kan ita ce ta fi ban sha'awa cikin sababbin tsire-tsiren ado na shekarar. A 1850 ya aika da ita babban lambun Kew da ke Landan. Daga nan masu sayar da furanni suka bazu da ita, masu hali suka yi ta saye suna ƙawata gidajensu.

Da ta cika musu lambu sai suka riƙa tonewa suna zubarwa a juji da bakin rafi. A 1886 aka fara rubuta cewa an gan ta tana tsirowa da kanta a waje, a garin Maesteg na kudancin Wales, cikin irin kwaruruwan da muke zaune. Tsibin toka da duwatsun da ake fitarwa daga ramin kwal bai dame ta ba, gama a ƙasarta ta asali tana tsirowa har a jikin duwatsu masu aman wuta, inda sauran tsire-tsire ba sa iya zama. A can kuwa tana da ƙwari da cututtuka masu rage mata ƙarfi. An kawo ta Turai, an baro maƙiyanta a gida.

Abin mamaki kuma shi ne, masana sun gwada sun ga ciyawar nan da ta cika Birtaniya duk daga uwa ɗaya take, macen tsiro, ba namijin irinta a ƙasar. Ba ta iri take yaɗuwa ba, ta guntu take yaɗuwa, kamar yadda muke dasa rogo da kara. Watau kusan duk inda ka gan ta, ko hannun mutum ne ya kai ta, ko tayar mota, ko ƙasar da aka kwaso domin cike rami, ko ruwa. A 2010 wata cibiyar binciken aikin gona mai suna CABI ta ƙiyasta cewa ciyawar tana ci wa Birtaniya wajen fam miliyan 166 kowace shekara.

Gidan Mam-gu

Waɗannan manyan kuɗi ba su taɓa zuciyar kowa a ƙauyenmu ba sai da abin ya faɗa wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu. 'Ya'yana suna kiranta Mam-gu, watau kaka da harshen mutanen kudancin Wales, ni ma haka nake kiranta. Mijinta mai haƙar kwal ne, ya rasu da ciwon ƙirji. Ƙafafunta sun fara gazawa, hawan bene ya zame mata wahala, 'yarta kuwa tana wani gari mai nisa. Suka shirya ta sayar da gidan, ta sami ɗan ɗaki na ƙasa kusa da 'yar. Aka sami masu saye, wani saurayi da amaryarsa, aka yi ciniki. Da bankin da zai ba su rance ya aiko safiyo ya duba gidan, sai ya ga ciyawar Japan a ƙarshen lambu, bakin rafi. Banki ya ce ba zai ba da rance ba. Ciniki ya watse.

Dole in bayyana muku dalili. Tun 1981 dokar ƙasar ta hana shuka ciyawar nan a waje ko yin abin da zai sa ta yaɗu can. Wata doka ta 1990 ta sa ita da ƙasar da take ciki cikin sharar da ba a zubarwa ko'ina, sai a jujin da aka ba izini. Samunta a filinka ba laifi ba ne, amma in ka bar ta ta shiga na maƙwabci yana iya kai ka ƙara. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ba waɗansu mutum biyu na Maesteg gaskiya a kan Network Rail, mai kula da hanyoyin jirgin ƙasa, domin ciyawar ta shiga filayensu daga gefen hanyar jirgi. Mai sayar da gida kuma akwai takardar da yake cikawa, a ciki ana tambayarsa ko akwai ciyawar. A 2012 ƙungiyar safiyoyin ƙasar ta fitar da ma'auni, cewa in ciyawar tana cikin mita 7 daga gini a ɗauke ta abin damuwa. Bankuna da yawa suka riƙe ma'aunin nan kam. Lambunan ƙauyenmu kuwa gajeru ne.

Na shiga gaishe ta da maraice na tarar da ita zaune da takardar a cinya. Ta ce, “Ɗana, gidan nan shi ne duk abin da mijina ya bar mini. Shekara nawa yana shiga rami domin mu biya shi. Yanzu an ce ciyawa ta cinye shi, ni kuwa ban shuka ta ba.” Na ce, “Mam-gu, ki yi haƙuri. Rafin nan ba bayan gidanki kaɗai yake bi ba.” Kafin mako ya ƙare labari ya gama ƙauye. Kowa ya fita bayan gidansa ya duba, da yawa suka komo jikinsu a sanyaye. Wanda gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ai ba sai an ce masa ya nemi ruwa ba.

Taron farko

Aka kira taro a zauren majami'ar ƙauye, domin shi ne ɗakin da ya fi girma, ciyawar ma ta riga ta shiga maƙabartar da ke bayansa, tana tsirowa tsakanin kaburbura. Taron bai fara da daɗi ba. Na ƙasa suka ce daga lambunan na sama take zuwa. Na sama suka ce su ma tarar da ita suka yi. Aka nuna wani mutum da yatsa, aka ce kowace shekara yakan yanke tasa da inji ya tura cikin rafi. Shi kuwa ya tashi da fushi ya ce shekara da shekaru yana tsabtace bayan gidansa, ba wanda ya taɓa gaya masa akwai illa, yau kuma an mai da shi ɓarawo. Waɗansu suka fara zancen lauya.

Sai wani dattijo, tsohon mai haƙar kwal, ya miƙe a kan sandarsa. Ya ce tun yana yaro ciyawar tana kan tsohon jujin kwal da ke saman ƙauye, su ma sukan yanki karanta su riƙa hura tsakuwa da shi suna harbin juna. Ya ce in laifi ake nema, to, a fara da shi. Sa'an nan ya ce kuɗin da za a ba lauya ya isa a yi maganin rabin rafin, kuma ko wa ya ci shari'a, ruwa ba zai daina gangarowa daga sama ba. Zauren ya yi tsit.

Da aka ba ni dama na ba su labarin gayya: yadda a ƙasarmu in gonar mutum ta fi ƙarfinsa yakan gayyaci jama'a, a taru a nome ta rana ɗaya, shi ya ciyar da su, gobe kuma a tafi ta wani. Na ce bambancin kawai shi ne wannan gonar ta kowa ce, gayyar kuma ba ta rana ɗaya ba ce. Kalmar ta yi musu daɗin faɗa, har yau waɗansu da ita suke kiran aikin.

Akwai kuma gardamar da ta fi ta laifi nauyi, watau ta maganin feshi. Wani mai kiwon zuma ya ce shi bai yarda a zuba guba a ƙauyen ba. Furen ciyawar nan shi ne kusan abinci na ƙarshe da ƙudajensa suke samu kafin sanyi. Iyaye mata suka ce 'ya'yansu suna wasa a rafin. Maganarsu duka tana kan hanya, ba wanda ya raina ta. Aka tashi a kan a nemi sani tukuna. Aka sa wata malamar makaranta mai ritaya ta bincika, ta kawo wa jama'a abin da ta samo.

Abin da aka shirya

A taro na biyu malamar ta zo da sakamakon wani babban gwaji da masanan Jami'ar Swansea suka buga a 2018. Sun gwada hanyoyi 19 na yaƙi da ciyawar har shekara 3. Ba hanya ko ɗaya da ta kashe ta ƙurmus a cikin wannan lokaci. Yanka bai taimaka ba. Abin da ya fi rage mata ƙarfi shi ne maganin kashe ciyawa mai suna gilaifoset, in an sa shi a kan kari. Karin kuwa shi ne ƙarshen lokacin zafi zuwa kaka, sa'ad da ciyawar take janye abincinta daga ganye zuwa saiwa domin ajiyar hunturu. A lokacin nan maganin yakan bi abincin ya sauka har inda ranta yake. Tonewa tana yiwuwa, amma sai da motar haƙa, a kwashe ƙasa mai yawa a kai jujin da aka ba izini, ko a binne ta zurfin mita 5. Wannan ya fi ƙarfin aljihunmu, a gaɓar rafi kuma haɗari ne, gama guntaye za su bi ruwa.

Ta kuma ba mu labarin wani ɗan ƙwaro da aka kawo daga Japan, mai tsotson ruwan ganyen ciyawar, wanda aka saki a Birtaniya a 2010 bayan dogon gwaji. A shekarun da suka biyo baya bai hayayyafa kamar yadda aka sa rai ba. Dattijon nan ya ce, to, ba za mu zauna jiran ƙwaro ba.

Ga abin da aka amince da shi. Na fari, kada kowa ya ƙara yanka ko tone ciyawar, kada a zuba ta cikin taki ko kwandon shara, kada a ɗauki ƙasa daga bakin rafi. Na biyu, a zana taswirar duk inda take. Na uku, a fara daga saman rafi a gangaro, domin in an fara daga ƙasa ruwa zai sake kawo ta. Na huɗu, ba mai taɓa magani sai wanda ya yi horo ya sami takardar shaida, kuma sai an sami izinin hukumar da ke kula da ruwa da muhalli ta Wales, gama doka ba ta yarda a yi feshi kusa da ruwa haka kawai ba. Na biyar, a bakin ruwa da kusa da amya ba za a yi feshi ba, sai dai allura: a huda kowane kara kusa da gindi a zuba masa 'yar ƙaramar mudu ta magani a cikin raminsa. Inda za a yi feshi kuwa sai fure ya kaɗe, ranar da ba iska. Da jin haka mai zuma ya ce har yanzu ba ya son maganin, amma zai ba da hanya ta cikin filinsa. Daga baya shi ne ma yake gaya mana ranar da ƙudan suka bar furen.

Kowane gida ya ba da abin da ya iya, majalisar ƙauye ta ƙara. Aka ɗauko ƙwararre ya rubuta tsarin aikin, ya kuma yi wuraren da suka fi wuya. Mutum biyu daga cikinmu suka je horo, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne mutumin da aka nuna da yatsa a taron farko. Ba wanda ya roƙe shi, shi ya kawo kansa.

Shekarun aiki

Zanen taswira ya zama aikin yara da iyayensu. Ranar Asabar mukan bi rafin, yara suna gaba suna nema, manya suna kafa turaku masu jan ƙyalle, malama tana rubutawa. An koya wa yara su nuna da hannu, kada su tsinka. In mun fito kowa yakan kankare takalminsa a wurin kafin ya taka hanya. Mun same ta a wuraren da ba wanda ya zata: bayan wurin tsayawar bas, gindin gada, da cikin wani tsibin ƙasa da aka zubar bayan gyaran hanya.

Abin da ya fi wuya a shekarar fari shi ne zama ba a yi kome ba. Tun daga Afrilu har Satumba muna kallonta tana tsawo, hannu yana ƙaiƙayi, amma dole a bar ta ta yi ganye sosai domin ta sha magani da yawa. Ga ɗan manomi wannan babban horo ne. Da lokaci ya yi masu takarda suka shiga da safar hannu da tabarau, mu kuwa muna buɗe musu hanya, muna ƙirga kara, muna tsare yara da karnuka. Allura aiki ne na durƙuso, kara ɗaya bayan ɗaya, kurmi ɗaya yakan ci yini. Mam-gu ba ta iya sauka rafi, amma ita ce mai abincin gayya. Takan aiko da shayi da waɗansu 'yan waina masu zabibi da ake toyawa a kan faifan ƙarfe, irin na mutanen Wales. Uwargidana kuma wata rana ta yi ƙosai, tun daga ran nan ba a yarda a yi aiki ba shi ba.

Da tsakiyar hunturu, bayan karan ya mutu sarai, muka sare shi sama da gindi, ba mu taɓa kututturen ba. Muka tara shi a kan leda ya ƙara bushewa, muka ƙone shi a wurin.

A shekara ta biyu murna ta yi yawa, gama mafi yawan kurmin bai tashi ba. Nan ne kuma haɗarin yake. Abin da ya fito ƙanana ne, ganye a murɗe, ko gwiwa ba su kai ba. Waɗansu suka ce an gama, suka daina fitowa. Ƙwararren ya gargaɗe mu cewa saiwar tana iya kwanciya shekaru ba motsi, ranar da aka tone wurin ta farka. A shekara ta uku masu fitowa suka ragu ƙwarai, wata Asabar mu biyar ne kawai. Akwai kuma wani fili a tsakiyar rafin wanda mai shi ba ya ƙauyen, aka yi ta aika masa takarda ba amsa. Sai da malama ta bi ta wajen danginsa kafin ya ba da izini, kafin nan kuwa an yi asarar shekara guda a wurin. Ruwan sama mai yawa ya zo cikin hunturun nan, rafi ya cika ya ci gaɓar filin. Da Afrilu muka ga jajayen tsiro a wurare uku da muka riga muka tsabtace. Ganin haka ya komo da mutane bakin aiki fiye da duk wani roƙo da muka yi.

Yadda ta ƙare da Mam-gu

Ba ta jira ciyawar ta ƙare ba, shekarunta ba su ba ta wannan dama ba. Abin da ya cece ta shi ne takarda. Da aka sami tsarin aiki a rubuce, da shaidar abin da aka yi kowace shekara, da alkawarin ƙwararren cewa zai ci gaba da dubawa, sai wani banki ya yarda ya ba da rance. Gidan ya sayu a shekara ta biyu ta aikin. Kuɗin bai kai na cinikin farko ba, ɗakin da ta samu ma ya fi wanda ta so ƙanƙanta, amma yana kusa da 'yarta, ba bene. Ranar da za ta tashi ta kira waɗanda suka sayi gidan, ta nuna musu turakun da ke ƙarshen lambu, ta ce da gidan da gayyar tare ta sayar musu. Suna fitowa kuwa.

Tsoron ciyawar ma ya ɗan sauka a ƙasar. Wani bincike da masanan Jami'ar Leeds suka yi tare da waɗansu injiniyoyi a 2018 ya nuna ba ta fasa gini mai lafiya kamar yadda ake ta faɗa, itatuwa da yawa ma sun fi ta ɓarna. Inda ta sami tsaga ne take shiga ta ƙara buɗe ta. Ashe maganar mutanenmu ce, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A 2022 ƙungiyar safiyoyi ta janye ma'aunin mita 7, ta ce a duba irin ɓarnar da ciyawar take yi a zahiri, in kuma a filin maƙwabci take a lura da mita 3 daga iyaka. Da wannan ya zo da wuri, da Mam-gu ba ta sha wahalar da ta sha ba.

Ya ku masu karatu, ban ce mun kashe ciyawar Japan ba. Abin da zan iya faɗa shi ne yanzu ana ganin ruwan rafin daga bayan gidaje, an dasa itatuwan ƙasar a gaɓarsa domin su riƙe ƙasa, ciyayi na asali kuma suna komowa. Kaburburan da suka ɓace cikin kurmi sun fito, dangi suna zuwa suna share su. Shawarar da zan ba kowane maigida da uwargida ita ce, in za ku kawo baƙon tsiro gida domin kyansa, ku tambayi ma'aikacin gona halinsa tukuna, kuma ku san inda aka kwaso ƙasar da za a zuba muku a fili. In kuwa abin ya riga ya shigo unguwa, ku tuna ɓata lokaci wajen neman mai laifi ba ya hana saiwa tafiya.

Malama ta tsufa yanzu, ta miƙa taswirar ga wata budurwa wadda take cikin yaran da suka fara bin rafin da mu. Ita ce take buga wa mutane waya a farkon Afrilu. Bana ma mun bi rafin daga jujin kwal har gada, muka kafa turaku a inda ya kamata, muna jiran Satumba. Allah ya kai mu.